Jagora ga mai koyon malanta: yadda za ka kai ƙarshe duk da matsi da shakkar kai

Da wuya ka sami sana'ar da mutum ke shiga yana ganin ya riga ya san ta kamar koyarwa. Kafin ka taka ƙofar kwalejin horar da malamai, ka shafe shekaru sama da goma a kan benci kana kallon malamai suna aiki. Dan Lortie, masanin zamantakewa a Jami'ar Chicago, ya ƙiyasta a 1975 cewa ɗalibin da ya gama sakandare a Amurka ya yi kusan awa 13,000 a gaban malamai. Sai dai abin da ɗalibi ke hangowa daga benci kaɗan ne daga cikin aikin. Bai ga daren da aka raba ana shirya darasi ba. Bai san dalilin da ya sa malama ta tsallake wannan yaro ta tambayi wancan ba, bai kuma san cewa misalin da ya burge shi an sha gwada shi yana faɗuwa kafin ya zauna ba. Shi ya sa ranar da ka fara tsayawa gaban allo, abin da ka ɗauka mai sauƙi ya gagare ka, zuciya ba za ta ce maka aikin ne da wuya ba. Cewa za ta yi kai ne ba ka iya ba.

A nan shakkar kai take samun gindin zama. Tana yanke hukunci a kan mutum ɗungurungum, alhali koyarwa tarin ƙananan dabaru ce da ake koya ɗaya bayan ɗaya. Duk matakan da ke tafe hanyoyi ne na ɗauke hukuncin daga kanka a ɗora shi kan aikin, domin aiki shi ake iya gyarawa kafin gobe da safe. Da ke ma nake, 'yar'uwa, ko da kin ji ina ta cewa "ka".

Mataki na farko: matse damuwar har ta zama abin da za a iya kamawa

A 1969 Frances Fuller ta Jami'ar Texas ta wallafa abin da ta gano bayan ta daɗe tana sauraron masu koyon malanta. Ta lura damuwarsu bi da bi take zuwa. A farkon shiga aji hankalin mutum kacokan a kansa yake: yaya ake kallona, yara za su ji maganata kuwa, me mai dubawa, wato malamin da ke zuwa duba koyarwata, zai rubuta? Sai tafiya ta yi tafiya hankali yake komawa kan yaran, wato ko sun fahimta ko ba su fahimta ba. Daga baya ita da abokan aikinta suka fayyace wani mataki a tsakiya, na damuwa da yawan aikin kansa. Saboda haka idan ka kwana kana tunanin yadda muryarka ta yi rawa a aji, hakan bai nuna ba ka dace da sana'ar ba. Yawancin waɗanda kake sha'awar koyarwarsu ta nan suka biyo.

Ga abin yi. Ɗauki takarda ka rubuta maganar da zuciyarka ke maimaitawa, yadda take faɗarta: "Ban iya koyarwa ba." Sai ka tsare ta da tambaya. A wane darasi? A wane lokaci cikin darasin? Me ya faru daidai? Ka ci gaba da matsa mata har ta koma irin wannan: "Idan na fara bayanin aikin rukuni, yara sukan fara jan kujeru kafin in gama magana, sai rabinsu su rasa abin da za su yi." Maganar farko ba ta da magani, sai dai ta hana ka barci. Ta biyu kuwa maganinta a fili yake: gobe ka fara da "kada kowa ya motsa sai na ce a fara", sannan ka yi bayani, sannan ka sa yaro ɗaya ya maimaita abin da aka ce. Wannan matsewar za ka yi ta yi har ƙarshen karatunka, kuma ita ce tushen duk abin da zai biyo baya.

Mataki na biyu: sauke aikin daga kai zuwa takarda

Mai koyon malanta iyayen gida biyu gare shi. Kwaleji na son jinga da jarrabawa da aikin bincike. Makarantar da aka tura ka koyarwar gwaji na son shirin darasi da duba littattafan yara da cika rajista. Sau da yawa babu wanda ya san abin da ɗayan ya ɗora maka. Rabin nauyin da kake ji daga ƙoƙarin riƙe duka wannan a ka yake fitowa.

Tun makon farko ka tattara duk ranakun miƙa aiki, da na jarrabawa, da na zuwan masu dubawa, a shafi guda da za ka riƙa gani kullum. Nan take za ka ga makonnin da ayyuka suka yi karo. Irin waɗannan makonni tun da wuri ake tararsu: ko ka fara ɗaya aikin kafin lokacinsa, ko ka je ka nemi a sassauta maka tun da sauran lokaci. Wanda ya nemi uzuri kafin wa'adi ana yi masa kallon mai tsari, wanda ya zo bayan wa'adi kuwa sai ya yi dogon bayani. Ka karanta ƙa'idojin kwas ɗinku da kanka: kwana nawa ake buƙatar ka halarta, sau nawa za a duba ka, waɗanne takardu ne sai an sa musu hannu. Ka riƙa adana su a fayil ɗaya a ranar da aka yi su.

Game da karatun jarrabawa, abu ɗaya zan faɗa. Maimaita karanta littafi yana sa mutum ya ji kamar ya iya, amma rufe littafin da ƙoƙarin tuno abin da ke ciki shi ke sa ilimi ya zauna. Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun gwada haka a 2006: bayan mako guda, ɗaliban da suka riƙa gwada tunowa sun fi waɗanda suka yi ta maimaita karatu riƙe abin da suka koya. Ka yi amfani da wannan a kanka, ka kuma kai shi aji.

Mataki na uku: sa wa shirin darasi iyaka

Ba baƙon abu ba ne sabon shiga ya kwashe awanni yana shirya darasin da bai kai awa ɗaya ba. Wani ɓangare na wannan dole ne, tunda hannu bai faɗa ba. Wani ɓangaren kuwa tsoro ne ya sa rigar himma. Mai fargaba yakan ɓuya a cikin ƙawata kayan koyarwa, yana zane yana fenti har tsakar dare, saboda hakan ya fi sauƙi a kan fuskantar tambayar da ke da wuya, wato yaya zan bayyana wannan abu har yaro ya gane.

Fara daga ƙarshe. Me yara za su iya yi a ƙarshen darasin wanda ba su iya ba a farkonsa? Rubuta shi a jimla ɗaya, da aikin da ido zai gani: su warware, su rarrabe, su rubuta, su bayyana. Sai tambaya ta biyu: ta yaya zan san sun iya? Wata 'yar tambaya ce a minti biyar na ƙarshe, ko aiki a littafi? Idan waɗannan biyun suka zauna, tsakiyar darasin ba ta wuya. Barak Rosenshine ya tattara ƙa'idoji goma na koyarwa mai inganci a 2012, kuma ƙashin bayansu mai sauƙi ne: a fara da ɗan bitar abin da ya gabata, a kawo sabon abu kaɗan-kaɗan, a nuna misali, a yi tare da yara, a yawaita tambaya, sannan a bar su su yi da kansu. Idan ka rasa ta inda za ka kama, wannan jerin ya ishe ka.

Abubuwa uku sun cancanci lokacinka fiye da ado. Na ɗaya, ka rubuta ainihin kalmomin da za ka faɗa wajen ba da umarni da manyan tambayoyinka, domin a nan harshe ke sarƙewa idan gaba na faɗuwa. Na biyu, ka yi aikin da za ka ba yara da hannunka tukuna. A nan za ka gano tambayar da ba ta da amsa, da wurin da za su yi tuntuɓe. Na uku, ka san abin da za ka yanke idan lokaci ya ƙure, da abin da za ka ƙara idan an gama da wuri.

Sannan ka sa wa kanka lokacin tashi, idan ya cika ka rufe. Ka kuma tambayi malamin da aka haɗa ka da shi ko yana da tsofaffin shirye-shirye da za ka ɗora a kai. Babu abin kunya a ciki. Darasi matsakaici daga malamin da ya yi barci ya fi darasin ƙawa daga wanda idonsa ke rufewa a tsaye.

Mataki na huɗu: yi atisaye inda faɗuwa ba ta da tsada

Mutane da yawa suna jiran ƙarfin gwiwa ya zo sannan su yi. A bayan aiki yake zuwa. Albert Bandura ya bayyana a 1977 cewa yardar mutum da iyawarsa daga wurare huɗu take fitowa: abin da ya yi da kansa ya ga ya yiwu, ganin wani irinsa ya yi, ƙarfafawar mutane, da yadda yake fassara abin da jikinsa ke ji. A cikinsu na farkon ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ke nan lallashin abokai yana da daɗi, amma ba zai maye gurbin ƙananan nasarorin da ka gani da idonka ba.

Akwai hanyar tara irin waɗannan nasarori da aka ɓullo da ita a Jami'ar Stanford a 1963, ƙarƙashin Dwight Allen da abokan aikinsa. A taƙaita darasi zuwa 'yan mintuna, a koyar da mutane kaɗan, a mai da hankali kan dabara guda, a saurari gyara, sannan a sake koyar da darasin. Kwalejoji da yawa suna yin wannan, amma sau da yawa sukan bar matakin ƙarshe, alhali a sakewar ne mutum ke ganin ya gyaru. Kada ka jira kwaleji. Haɗu da abokan karatu biyu ko uku a ajin da ba kowa, kowa ya yi minti biyar a kan abu ɗaya, misali buɗe darasi ko ba da umarni, a gyara masa, ya sake. Idan kana da waya ka ɗauki kanka. Kallon farko ba daɗi, amma za ka ga abubuwan da ba wanda zai gaya maka: ashe kana magana da allo ka juya wa yara baya, ashe gefe ɗaya na aji kawai kake kallo.

Idan aka ba ka damar kallon gogaggen malami, kada ka shiga hannu rabbana. Wanda ya zauna yana kallon komai, abin da zai fito da shi kawai shi ne "kai, wannan ya iya, ni yaushe?" Shiga da tambaya ɗaya: yau zan duba me take yi a minti uku na farko, ko yaya yake dawo da hankalin aji bayan aikin rukuni. Rubuta kalmomin da ya faɗa da inda ya tsaya. Da haka gwaninta ke warwarewa ta zama abubuwan da kai ma za ka iya kwaikwaya.

Mataki na biyar: riƙon aji

A nan zan daɗe, domin a nan ne aka fi zubar da hawaye. A 1984 Simon Veenman, wani masani daga ƙasar Holan, ya bi diddigin bincike 83 kan matsalolin sababbin malamai a ƙasashe daban-daban. Ladabtar da aji ce ta zo kan gaba, sai zaburar da ɗalibai, sai bambancin da ke tsakaninsu. Idan aji ya gagare ka, matsalar da ta fi kowace yawa a sana'ar ce ta same ka.

Abin da Jacob Kounin ya gano a 1970, bayan ya yi nazarin azuzuwan da aka ɗauka a bidiyo, ya kamata kowane mai koyo ya sani. Malaman da ajinsu ke tafiya lafiya ba su bambanta sosai da sauran ba wajen yadda suke tsawatarwa bayan an yi laifi. Bambancin yana wajen hana abin faruwa: idonsu na kan dukan aji kuma yara sun san haka, suna tare ƙaramar fitina tun tana ƙarama kuma a kan wanda ya fara ta, ba sa barin giɓi tsakanin wannan aiki da na gaba. Wannan labari ne mai daɗi ga mai sanyin hali, domin yana nufin riƙon aji bai dogara ga kwarjini ko ƙaton murya ba. Abubuwa ne da ake koya.

Fara da sunaye. Zana taswirar wurin zama a makon farko ka haddace. "Kai, wancan na baya" ba ya tsayar da kowa, amma suna yana tsayarwa. Tambayi malamin ajin dokokin makarantar da matakan horon da aka amince da su, ka bi su yadda suke, domin yara sun riga sun san su kuma za ka sami goyon baya idan magana ta yi nisa. Ka tanadi aikin da yara za su tarar a allo da zarar sun zauna, saboda mintunan farko su ke yanke yadda sauran darasin zai kasance.

Zaɓi alama ɗaya ta neman shiru, ka koya musu ita, ka tsaya a wuri ɗaya duk lokacin da za ka yi ta. Sannan ka jira. Wannan jiran shi ne mafi wuya ga sabon malami, domin daƙiƙa goma a gaban aji mai hayaniya tana da tsawo ƙwarai. Amma duk ranar da ka fara bayani a kan surutu, ka koya musu cewa ana iya magana kana magana. Idan yaro ɗaya ne ke damun ka, matsa kusa da shi kana ci gaba da darasi, ko ka yi masa magana ƙasa-ƙasa. Kunyata yaro a gaban abokansa yakan tilasta masa kare girmansa, kai kuma ka shiga faɗan da ba ka da riba a ciki. Kada ka yi barazanar da ba za ka cika ba. Ihu kuwa yana aiki sau ɗaya ko biyu, daga nan sai ya cinye maka murya, ita kuwa murya ita ce jarin malami.

Akwai wani jiran na daban. Mary Budd Rowe ta auna, a binciken da ta gabatar a 1972, cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya kafin su maimaita, ko su tsallaka ga wani, ko su amsa da kansu. Da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba sa magana suka fara ɗaga hannu. Mai shakkar kansa yana jin shiru bayan tambaya sai ya ɗauka darasi ya mutu. Sau da yawa tunani yaran suke yi. Ƙirga uku a zuci.

Idan kuma aka yi maka tambayar da ba ka san amsarta ba, ka ce za ka bincika ka zo da ita gobe, kuma goben ka zo da ita. Yara sun fi saurin yafe rashin sani a kan kame-kame.

Mataki na shida: ranar dubawa da karɓar gyara

Bugun zuciya, gumin tafin hannu, bushewar baki: jiki ne ke sakin sinadaran da ke shirya shi ga babban aiki. Ba gargaɗi ba ne cewa za ka faɗi. Kafin ka shiga, ja numfashi a hankali ka sake shi a hankali, fitarwar ta fi shaƙar tsawo, sau biyar ko shida. Fitar da numfashi a hankali yana rage saurin bugun zuciya. Ka haddace jimlolinka biyu na farko, domin da zarar baki ya buɗe sauran kan biyo. Ka kuma san cewa fargabarka ba ta fitowa fili yadda kake zato. Kenneth Savitsky da Thomas Gilovich sun nuna a 2003 cewa masu jawabi a gaban jama'a suna ɗaukar tsoronsu ya bayyana fiye da yadda masu kallo ke gani.

Kada ka ƙirƙiro sabon salo don mai dubawa. Yi abin da kai da yaran kuka saba, domin ranar da ido ke kanka ba ranar gwajin abin da ba ka taɓa yi ba ce. Idan abu ya karkace a tsakiya, ka tsaya ka sake bayani. Mai dubawa na ƙwarai ya fi daraja malamin da ya lura yara sun ɓace ya koma ya ɗauko su, a kan wanda ya bi takarda har ƙarshe shi kaɗai.

Sai zaman gyara. A 1996 Avraham Kluger da Angelo DeNisi sun haɗa sakamakon ɗaruruwan gwaje-gwaje kan tasirin gyara a kan aiki. A dunƙule gyara na taimakawa, amma a sama da kashi ɗaya cikin uku na lokutan sai ya sa aikin ya ƙara lalacewa. Bayanin da suka bayar shi ne, gwargwadon yadda gyara ya karkatar da hankalin mutum daga aikin zuwa kansa, gwargwadon yadda amfaninsa ke raguwa. Ba kai ke da iko da yadda za a yi maka gyara ba, amma kana iya juya shi. Shiga da biro da takarda, ka rubuta maimakon ka kare kanka. Idan aka ce "ba ka da riƙon aji", ka tambaya cikin ladabi: "Malam, a wane wuri kuka fi lura da haka? Da ku ne, me za ku yi a daidai lokacin?" Idan aka jero maka gyara goma, ka ce: "Malama, wanne kuke ganin in fara da shi a wannan makon?" Ɗauki ɗaya ko biyu. Kafin dubawa ta gaba kuma ka riga su: "Na yi aiki a kan yadda nake ba da umarni, don Allah ku duba mini shi."

Gaskiya ce ba kowane mai kula da ɗalibi ne ya iya aikin ba. Akwai wanda zai sakar maka aji ya ɓace, akwai wanda ba ya ganin alheri ko kaɗan. Wannan yana ɓata mini rai, domin kalma ɗaya ta wulaƙanci a irin wannan lokaci tana iya raba sana'ar da mutumin da zai amfani dubban yara. Idan ka haɗu da mai tsanani amma gyaransa na kan aiki, ka daure ka kwashi abin da ke ciki. Idan kuwa abin ya zama cin mutunci a gaban yara, ko tsangwama, ko neman abin da bai dace ba, wannan ya fita daga horo. Rubuta abin da ya faru da ranarsa, ka kai wa jami'in kwalejinku mai kula da koyarwar gwaji tun abin bai yi nisa ba.

Mataki na bakwai: daren da darasi ya lalace

Zai lalace wata rana, kamar yadda yake lalace wa waɗanda suka shekara ashirin suna yi. Abin da ke cutarwa shi ne tufka da warwarar da ke biyo baya, mutum ya yi ta maimaita abin a ransa ba tare da ya kai ga wata matsaya ba. Ba wa abin minti goma a takarda, da tambayoyi uku: me ya tafi daidai, a ina ya karkace, me zan canza gobe. Kada ka tsallake ta farkon, ko da amsar ita ce yara uku sun gama aikin. Idan ka rubuta ta ukun, rufe littafin. Washegari ka shiga ajin da fuska sake. Yara sukan manta jiya da sauri fiye da malaminsu.

Ka ware wani shafi na hujjoji: yaron da ya gane bayan ya daɗe bai gane ba, yabon da mai dubawa ya rubuta, ranar da aji ya yi shiru da alama ɗaya. Dalilin ajiye su shi ne mai shakkar kansa gwani ne wajen zubar da nasara. Pauline Clance da Suzanne Imes sun bayyana wannan hali a 1978, bayan aiki da mata sama da 150 da suka yi fice a karatu da sana'a, amma suna jin sa'a ce kawai ta kai su, kuma wata rana asiri zai tonu. Daga baya an ga halin a maza ma. Idan nasara ba ta kashe wannan shakka a zukatan waɗanda suka riga suka yi fice ba, to jin ta a ranka ba ma'aunin iyawarka ba ne.

Ka sami aboki ɗaya ko biyu cikin abokan karatu da za ku riƙa gaya wa juna gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Za ka yi mamakin jin cewa wanda kake ganin ya fi kowa natsuwa shi ma bai yi barci ba jiya. Amma ka guji zaman da ba a komai sai ƙorafi, ana tashi kowa ya fi yadda ya zo nauyi.

Mataki na takwas: jiki

Baligi na buƙatar barcin awa bakwai ko fiye. Rashinsa yana rage haƙuri da saurin tunani, su ne kuwa abin da aji ya fi ci. Ka karya kafin ka fita, ka riƙe ruwa saboda murya, ka motsa jiki ko da tafiyar ƙafa ce. Ware wani yanki na mako da ba ka taɓa aikin makaranta, ka tsare shi yadda kake tsare lokacin darasi. Ka gaya wa mutanen gida tun farko waɗanne makonni ne za su yi zafi, don su rage maka wasu hidimomi. Idan ibada ko zama da iyali ne ke kwantar maka da hankali, kada su zama farkon abin da za ka yanke idan aiki ya taru.

Mataki na tara: san lokacin da abin ya wuce na dabara

Duk abin da na faɗa na matsin da aka saba ne, mai hawa da sauka, wanda hutu ke rage shi. Akwai wanda ya fi haka. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙonewar ƙarfi saboda aiki da alamomi uku: gajiyar da ta cinye mutum, jin ya yi nisa da aikin ko ya tsane shi, da raguwar ƙwazo. Idan ka ga hutun ƙarshen mako ba ya dawo da kai, kuma yaran da kake so sun fara zame maka kaya, lokaci ya yi da za ka zauna da mai ba ka shawara a kwaleji a duba abin da za a rage.

Idan kuwa baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya kai mako biyu kusan kullum, barci ko cin abinci ya rikice, ko fargaba na hana ka fita daga gida, ka ga likita ko mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Ciwo ne da ake magani, kuma mutane suna warkewa su koma aji. Idan tunanin cutar da kanka ya zo maka, kada ka kwana da shi kai kaɗai: gaya wa wanda ka yarda da shi a ranar, ku nemi taimakon gaggawa tare.

Tunanin barin karatun ma yakan zo, kuma ba laifi ba ne. Akwai waɗanda suka gano da gaske cewa wata hanyar ta fi dacewa da su. Sai dai kada ka yanke wannan hukunci a daren da darasi ya lalace ko a makon da ba ka yi barci ba. Jira ka huta, ka buɗe shafin hujjojinka, ka tambayi kanka ko aikin ne ba ka so, ko kuwa halin da kake ciki yanzu ne ya yi maka yawa. Sannan ka je ofishin da ke kula da kwas ɗinku ka tambayi zaɓin da ke akwai kafin ka sa hannu a komai: ko ana iya ɗage zango, ko sauya makarantar gwaji, ko sake dubawar da ba ta yi kyau ba, da kuma abin da kowannensu zai jawo wa lokacin kammalawarka.